Ku Tambayi Kawu: Kuɗin Rajistata Sun Tafi a Bet, Baba Bai Sani Ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Don Allah a sakaya sunana. Ni ɗalibi ne, ina aji uku a wata jami'a a nan Arewa. Na fara buga bet lokacin dogon yajin aikin malaman jami'a na 2022, muna zaune a gida ba aikin fari ba na baƙi, kullum muna gidan kallon ƙwallo. Da naira ɗari na fara. Wata rana na sa ɗari biyu na ci dubu goma sha takwas, tun daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Yanzu ga abin da ya same ni. Baba ya sayar da masararsa ya turo min kuɗin rajista, dubu ɗari da arba'in. Na ce bari in ɗan juya dubu ashirin a wani kod, wato jerin wasannin da aka riga aka zaɓa, da aka ba mu a guruf ɗin Telegram, aka ce tabbas ne. Wasa ɗaya ya yanke min. Na shiga neman mayar da kuɗina, na buga bacuwal, wato ƙwallon da kwamfuta ke bugawa, na buga wasan jirgin nan mai tashi, cikin kwana uku ko sisi bai rage ba. Na ci bashi a manhajar ba da rance, shi ma ya bi su, yanzu suna kirana dare da rana suna cewa za su tura wa duk lambobin da ke wayata. Ba na barci, abinci ba ya shiga, gwaji biyu sun wuce ni. Wani lokaci sai in ji gara ma in mutu in huta. Saura mako biyu a rufe rajista. Wani abokina ya ce akwai wasannin ƙarshen makon nan, in na samu dubu goma za su mayar min da komai. Kawu, in gwada sau ɗaya tak sannan in tuba? In kuma a'a, da wane baki zan gaya wa Baba?

Ɗanka, daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin mu taɓa maganar kuɗi, akwai inda ka ce wani lokaci kana jin gara ka mutu. Wannan ta fi dubu ɗari da arba'in nauyi a wurina. Yau ɗin nan ka samu mutum ɗaya da ka yarda da shi ka gaya masa wannan magana da bakinka, kuma ka daina kwana kai kaɗai. In tunanin ya matsa maka, ka tafi asibitin makaranta ka ce likita kake son gani, ka faɗa masa kamar yadda ka faɗa mini. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, akwai a Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa ma duk suna da wannan sashen. Zuwa can ba hauka ba ne. Masarar Baba damina za ta dawo masa da ita, amma babu daminar da za ta dawo masa da kai.

Sai tambayarka ta farko. A'a, kada ka gwada, ko da naira ɗari. Tunda kai ɗan jami'a ne, zo mu yi lissafin da abokinka bai yi maka ba.

A ce ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya, ko wannan ta ci ko waccan. Adalci shi ne wanda ya dace a ninka masa kuɗinsa biyu cif. Kamfanin caca ba zai ba ka 2.00 ba, sai ya ba ka kamar 1.90. Kai ka sa dubu ɗaya a wannan ɓangare, wani ya sa dubu ɗaya a wancan. Dubu biyu sun shiga, 1,900 za su fita, naira ɗari ta zauna wurin kamfani ko wa ya ci. Shi bai damu da Arsenal ko Barcelona ba, nasa ya riga ya cire tun kafin alƙalin wasa ya busa usur. Kashi biyar cikin ɗari ke nan a wasa ɗaya. To ku kuma ba wasa ɗaya kuke bugawa ba, jerawa kuke yi. In ka jera wasa goma a tikiti guda, wannan ragin yana hawa kan juna har sau goma, sai ka tarar kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙimar kuɗinka ya tafi. Shi ya sa suke ƙara maka bonas in ka tsawaita tikiti. Ba son ka suke yi ba, a nan ribarsu ta fi kauri.

Bari ma in yi maka rangwame. Mu ce kai gwani ne, kowane wasa ka zaɓa yana da damar kashi 80 cikin ɗari ya zo yadda ka ce. Ka ninka 0.8 sau goma a kalkuletarka. Abin da zai fito bai kai kashi 11 cikin ɗari ba. In wasa ashirin ne, ɗaya ne da 'yan kai cikin ɗari. Ga kuma wadda nake so ka riƙe: a wannan lissafin na wasa goma, damar a ce wasa ɗaya tak ya yanke maka ta kai kusan kashi 27 cikin ɗari, wato ta ninka damar cinka fiye da sau biyu. Saboda haka "wasa ɗaya ya yanke min" ba alamar ka kusa ci ba ce, kuma ba hannu aka sa maka ba. Haka aka gina abin. Wannan jin "saura ƙiris" shi ne ƙugiyar da ke maido ku, don ƙwaƙwalwa tana karɓar saura ƙiris kusan yadda take karɓar nasara.

Bacuwal da jirgi kuwa ko wannan ɗan ilimin ƙwallon da kake taƙama da shi ba ya aiki a can. Babu ɗan wasa, babu koci, babu wanda ya ji rauni. Kwamfuta ce take jefa lamba, an kuma riga an saita mata rabon kamfani. Abin da ya sa suka fi cin mutum shi ne sauri. Ƙwallo sai ka jira minti casa'in, bacuwal 'yan mintuna, jirgi 'yan daƙiƙu. Kuɗin da a ƙwallo za su yi wata kafin su ƙare, a can kwana uku sun ishe su, kamar yadda ka gani da idonka. Masu guruf ɗin Telegram kuma, ka tambayi kanka: wanda ya san tabbas abin da zai faru ranar Asabar, me zai kai shi sayar maka da sirrin a dubu biyu? Wasunsu kod daban-daban suke rabawa, wanda nasa ya dace sai su ɗauki hotonsa su yi talla da shi. Da yawa kuma kamasho ake ba su a kan duk wanda ya yi rajista ta hannunsu, har akwai tsarin da rabon nasu yake fitowa daga abin da aka cinye ka.

Na daɗe ina aiki a ofishin kula da harkokin ɗalibai, kuma abin da ya fi tsaya min a rai wani yaro ne da aka kawo min a kan ya sayar da kwamfutar ɗan ɗakinsu. Yana zaune gabana, idanunsa sun yi ja, kwalar rigarsa ta yi masa yawa saboda rama, ina masa magana yana gyaɗa kai, amma hannunsa ɗaya yana ƙarƙashin tebur. Da na leƙa sai na ga babban yatsansa yana ta jan fuskar waya, yana duba wani wasa na ƙaramar gasa a wata ƙasar da ko sunan babban birninta bai sani ba. A gaban wanda zai iya sa a kore shi daga makaranta fa. Da na tambaye shi sai ya fashe da kuka, ya ce shi yanzu ba ma cin yake nema ba, in bai buga ba ne ƙirjinsa yake toshewa. Yaro ne mai kai, makinsa na aji ɗaya yana cikin na sama.

Ba don in tsorata ka na kawo wannan ba, sai don ka san sunan abin da kake fama da shi. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta mayar da jarabar caca rukuni ɗaya da jarabar giya da ƙwaya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa ta cikin cututtuka. Alamominta duk suna cikin wasiƙarka: ƙara yawan kuɗin da ake sawa, bin abin da ya tafi da nufin dawo da shi, ɓoye wa na kusa, cin bashi don rufe ɓaraka, karatu ya fara lalacewa. Ba talauci kaɗai ke kawo ta ba. Ɗan ƙwallo Sandro Tonali, a 2023 yana Newcastle yana ɗaukar albashin da ni da kai ba mu taɓa ƙirgawa ba, amma aka dakatar da shi wata goma saboda caca, sai da ya zauna gaban masu magani. Kuma tana warkewa. Sai dai ban san wanda ya warke yana ɓoyewa, kuɗi na hannunsa, waya na aljihunsa.

Wannan ya kawo mu ga Baba. Kada ka gaya masa a waya, kada ka tura saƙo. Ka nemi kuɗin mota ka tafi gida cikin kwana biyun nan. Ka fara da Mama, ko wani kawunka ko baffanka da Baba yake jin nauyinsa, ku shiga tare bayan isha'i, ya ci abinci ya huta. Ka durƙusa ka faɗa masa gaba ɗaya: nawa ya turo, nawa ya tafi, nawa ake bin ka, tun yaushe ka fara. Kada ka ce an sace, kada ka ce banki ya riƙe, kada ka rage ko naira ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na ga yara da yawa sun faɗi rabi sun ɓoye bashin, bayan wata guda bashin ya fito, sai uban ya ji ciwon ƙaryar ya fi na kuɗin. Zai yi fushi, yana da haƙƙi, gumin shekara ne ya tafi. Zai iya ƙin yi maka magana na kwanaki. Ka jure. Amma ka tuna, in ba ka faɗa ba, masu rancen nan za su riga ka, ya ji a bakin baƙo a waya ana kiran ɗansa ɓarawo. Ko kuma ka ci gaba da zama a hostel kana shiga lakca babu rajista, shekara ta ƙare babu sakamako. Na san waɗanda suka yi haka har gida ya fara shirin walimar kammalawa.

Kada ka je masa hannu rabbana, ka je da abin da ka riga ka yi. Kafin ka hau mota ka shiga kowane asusun caca da kake da shi ka nemi a rufe shi, goge manhaja kawai ba ya wadatarwa, minti biyu ne ka sake sauke ta. Ka fita daga guruf-guruf ɗin nan. Akwai manhaja ta kyauta mai suna BetBlocker da ke toshe shafukan caca, ka sa ta. In da hali ma ka ajiye babbar wayar a gida ka riƙe ƙarama mai tocila har ƙarshen zangon nan. Katin ATM ɗinka ka miƙa wa Mama ko yayanka, a riƙa ba ka na abinci mako-mako. In Allah ya hore aka samu kuɗin rajista, kada su bi ta asusunka, ka ciro lambar Remita a biya kai tsaye. Gidan kallo ma ka ba shi hutu. Na san da zafi, amma a can ake kiran od, wato ninkin da kamfani zai biya, kamar ana kiran farashin tumatir, ba za ka zauna cikinsu ka tsira ba.

A makaranta, ka ga malamin da ke kula da ajinku da shugaban harkokin ɗalibai tun kafin a rufe. Sau da yawa ana buɗe rajistar makara da ɗan tara, in kuma ya gagara akwai jingine karatu na shekara a rubuce, wanda ya fi ka ɓace babu bayani. Ka duba rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, kuɗin makaranta kai tsaye suke tura wa jami'a. Amma dubu ashirin ɗin da suke bayarwa duk wata na ɗawainiya asusun ɗalibi suke shiga, saboda haka su ma a ɗora wani a kansu. Masu manhajar rance kuwa, bashi bashi ne, za a biya, amma kada ka ci na wata manhajar don biyan wannan. Tura wa mutanenka saƙon cin mutunci ba haƙƙinsu ba ne, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta hana, kuma tana karɓar ƙorafi. Ka adana saƙonninsu.

Batun "in buga sannan in tuba", ɗana, ka buɗe Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91 ka karanta a natse. Allah ya haɗa caca da giya, ya ce Shaiɗan so yake ya jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninku ta hanyarsu, ya kange ku daga ambaton Allah da salla. Ka duba sallolin asubar da suka wuce ka a watannin nan, da yadda kake jin gabanka ya faɗi in ka ga kiran Baba. A Bukhari da Muslim ya zo cewa wanda ma ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka. Abokin naka da ya kawo maka wannan shawara, ka gaya masa ka daina, in ya sake kawo maka kod ka toshe lambarsa. Ka rubuto min bayan ka dawo daga gida, ina jira.

TAMBAYA

Kawu barka da aiki. Ƙanena yana kwalejin kimiyya da fasaha. Sau biyu ina biya masa bashin bet daga kuɗin ɗinkina, kowane karo sai ya rantse ya daina. Yanzu ya sayar da wayar da na saya masa, ana kuma bin sa dubu sittin. Mama ta ce in rufa masa asiri kada mahaifinmu ya ji, yana da hawan jini. Ni kuma na gaji. Na ji an ce Hisba ta rufe shagunan, to shi a ina yake bugawa?

'Yarka, daga Kano

AMSA

Sannu 'yata, Allah ya saka miki da alheri. Gaskiya ne a 2024 Hisba ta rufe shagunan caca da dama a Kano, kuma a watan Nuwamba na shekarar Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce jihohi ne ke da hurumin wannan harka. Amma kwaɗon Hisba ƙofar shago yake kamawa. Shagon ƙanenki yana aljihunsa, a buɗe yake ƙarfe ukun dare, kuma ko ya sayar da tasa wayar zai ari ta ɗan ɗakinsu. Ni ina ganin a nan manyanmu suka yi sake. Har yanzu in an ce ɗan caca, hoton mai karta a bayan tasha suke gani, ba su san mai jallabiya da ke sahun gaba a masallacin makaranta ma yana iya zama shi ba ne.

Kada ki sake ba shi kuɗi a hannu, kuma kada ki biya wannan bashin a ɓoye. Na san da zuciya ɗaya kika yi na baya, amma abin da ya koya daga biyan nan biyu shi ne akwai Yaya, in ruwa ya kai wuya za ta fitar da shi. Rantsuwarsa ma ba lalle ƙarya yake yi ba a lokacin da yake yin ta. Da gaske yake nufi, sai dai jarabar ta fi ƙarfin alkawarin baki, shi ya sa ake neman tsari maimakon rantsuwa. Ki zaunar da shi ya rubuta sunan duk mai bin sa da adadin. In za a biya, ke ki biya mai kuɗin kai tsaye, shi kuma ya biya ki da aiki lokacin hutu, ko guga ce a shagonki ko kai kaya. Abincinsa ki saya masa shinkafa da taliya da mai, ba ki tura kuɗinsu ba. Ki raka shi ya ga likita ko mai ba da shawara na makarantarsu, ki kuma lura da barcinsa da maganganunsa, don masu wannan hali suna shiga damuwa mai tsanani ba a sani ba.

Maganar mahaifinku, ina ganin uzurin Mama, amma ban goyi bayan a ci gaba da ɓoyewa ba. Wanda ya sayar da waya yau, gobe kayan gida zai duba. Gara mahaifinku ya ji a cikin ɗakinsa, daga bakin baffanku ko wani amininsa da ya iya magana, a lokacin da ya sha maganinsa yana cikin natsuwa, da ya ji ranar da mai bashi ya yi sallama a ƙofar gida. Ki kuma daina zagin yaron a gaban ƙannensa, kunya in ta yi yawa cikin wayar take ƙara tura su. Ke ma ki ware jarinki, ki canza lambar sirrin asusunki in ya san ta.

TAMBAYA

Kawu, ni na daina bet wata huɗu ke nan, alhamdu lillah. Amma akwai dubu tamanin da na ci kafin in daina, suna nan a asusuna ban taɓa ba. In biya kuɗin hostel da su?

Ɗalibi, daga Sakkwato

AMSA

Madalla da kai, Allah ya ƙara tabbatar da kai. Abin da malamai da yawa suka tafi a kai shi ne wanda ya tuba ya rabu da irin wannan kuɗi, ya sa su a abin amfanin jama'a ko ya ba mabuƙaci, ba da niyyar neman ladan sadaka ba. In kai kanka kana cikin matsi na gaske, ka je wa malamin da ka amince da iliminsa ka faɗa masa halinka dalla-dalla, ya ba ka fatawa a kan naka yanayin. Abin da zan ƙara daga nawa ɓangaren shi ne kada su ƙara mako guda a wannan asusun. Wata huɗu ba su da yawa, gasar zakarun Turai tana gaba, kuma zuciya ta iya raɗa wa mutum cewa ai waɗannan dama ba nasa ba ne, in sun tafi ba asara. Ka cire su gobe ka damƙa wa wani babba amana kafin ka ga malamin, sannan ka rufe asusun cacar gaba ɗaya in ba ka riga ka rufe ba.